Yadda Norwe ta yaƙi ciwon hantsar shanu da katin asibiti

A tsakiyar ƙarni na 20, masu kiwon shanun madara a Turai da Amurka burinsu ɗaya ne: a samu nono mai yawa. Duk bijimin da 'ya'yansa mata suka fi ba da nono, maniyyinsa ake rarrabawa gonaki. Nonon kuwa ya ƙaru, amma ciwon hantsa ma ya biyo shi. Wannan ciwo bakteriya ke haddasa shi idan ta shiga ta kan nono, hantsa ta kumbura, madarar ta guntse. Daga baya aka gano cewa gadon yawan nono da gadon saurin kamuwa da ciwon kusan tare suke tafiya.

To me ya hana a zaɓi shanun da ba sa kamuwa? Matsalar ita ce rabon gado a nan kaɗan ne, bai kai kashi 5 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin shanu ba. Sauran duk tsaftar garke ce, da yadda ake tatsa, da yanayi. Saniya ɗaya ba za ta gaya maka komai game da ubanta ba.

A 1975 Norwe ta ba kowace saniyar madara katin lafiya. Da yake a can likitan dabbobi ne kawai ke da izinin ba da maganin kashe bakteriya, duk jinyar da aka yi sai ta shiga katin. Da bayanan 'ya'ya mata sama da 200 na bijimi guda, sai gadon nan ɗan kaɗan ya fito fili. Daga 1978 suka sa ciwon hantsa cikin ma'aunin zaɓen bijimai na jajayen shanunsu.

A 1989 suka fara gwaji da rukuni biyu: ɗaya ana zaɓa don yawan furotin a madara, ɗaya don ƙarancin ciwon. Bayan zuriya biyar, tazarar kamuwa tsakaninsu ta kai kusan kashi 10 cikin 100.

Amurka ta bi wata hanya. A 1994 ta fara auna bijimai da yawan fararen ƙwayoyin jini a madarar 'ya'yansu, sai a 2018 ta ƙara ciwon kansa. Yau ana duba DNA na ɗan maraƙi a yi hasashe tun bai girma ba, amma hasashen ma da irin waɗancan bayanan jinya ake gina shi. In babu mai rubutawa, babu abin zaɓa.