Ragowar magani a gida: yadda za a adana, da yadda za a zubar

A gidaje da dama a Gusau da Tsafe da Bungudu, ba a rasa leda ko gwangwanin da ake tara ragowar magunguna a ciki, kama daga ƙwayoyin zazzaɓi zuwa maganin tari na ruwa.

Irin wannan ajiya kan zama haɗari idan ba a kula da ita ba.

Zafi da ɗanshi

A jikin kwalin akasarin magunguna an rubuta cewa kada zafin wurin ajiyarsu ya wuce digiri 30. To amma a watannin Maris da Afrilu, zafi a Zamfara kan kai digiri 40, yana kuma rage ƙarfin magani.

Don haka a ajiye shi cikin kwalinsa, nesa da murhu da taga da banɗaki, a inda hannun yaro ba zai kai ba.

Allurar insulin ta masu ciwon suga tana buƙatar firiji. Inda babu wuta, ana iya sa ta a leda a ɗaure, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai sanyi.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta na gari da ake haɗa wa yara da ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, na ɗigawa a ido kuwa mako huɗu bayan an buɗe shi.

Da damina, ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, su bar wa uwa na kwana biyu. Wannan na yaron ne shi kaɗai, ba na ajiya ba ne.

Zubarwa

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke lalata magungunan da wa'adinsu ya ƙare. Mafi a'ala shi ne a kai ragowar ga mai harhaɗa magunguna a asibiti, a nemi shawararsa.

Idan hakan bai yiwu ba, a cire ƙwayoyin daga kwali, a cuɗa su da ƙasa ko toka, a ɗaure a leda, sannan a zubar inda yara da awaki ba za su tono ba.

Kada a zuba magani kusa da rijiya ko a kwata, kada kuma a ƙona shi a tsakar gida.

Magungunan da ke sa maye, irin su tramadol da kodin, su suka fi buƙatar kulle, domin a 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin saboda yadda matasa ke shansa.