Makarantar Wusasa da Amanar 'Ya'yan Mutane

Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar firamare ya san aikin farko na kowace safiya. Bayan addu'a, malam yakan buɗe rajista ya kira sunayen yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa nasa. Waɗansu suna ɗaukan wannan ƙaramin aiki ne. Amma kowane suna a cikin littafin nan ɗan wani ne, wanda iyayensa suka sallama da safe suna sa rai zai komo gida lafiya. Tarihin makarantar Mishan ta Zariya, wadda daga baya ta koma Wusasa, ya nuna yadda yawan yara a makaranta yake tafiya tare da yadda ake riƙe wannan amana.

Labarin ya soma ne a nesa, a birnin Tarabulus na ƙasar Libiya. A ƙarshen ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa a can, gama ayarin fatake da mahajjata sukan tashi daga Kano su ratsa hamada, su bi ta ƙasar Fezzan inda Murzuk da Sabha suke, kafin su kai bakin bahar. Domin haka ne ƙungiyar Mishan ta C.M.S. ta aiki wani matashin likita daga Ingila, Dokta Walter Miller, tare da abokansa, su koyi Hausa a can. A Tarabulus ne ya sadu da wani yaro mutumin Katsina, Abdul Majid, wanda ya tashi zuwa hajji tare da mahaifinsa, mahaifin kuwa ya rasu a hanya. Miller ya ɗauke shi kamar ɗa. Ana iya cewa wannan maraya shi ne sunan farko a rajistarsa.

A shekara ta 1900 Miller ya shigo ƙasar Hausa cikin ƙungiyar Bishop Tugwell. Sun kai Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba, sai suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya yi ciwo ya rasu. Sai a 1905 Miller ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani, ya kuma soma koya wa yara karatu da rubutu da lissafi cikin harshen Hausa.

Da farko yara ba su zo da yawa ba. Iyaye suna tsoro kada boko ya raba 'ya'yansu da addininsu da al'adarsu, gwamnatin Turawa kuma ta riga ta yi wa sarakuna alkawari ba za ta taɓa addinin jama'a ba. Miller ya so ya buɗe makaranta domin 'ya'yan sarakuna da malamai, amma shirin bai yiwu ba. Gwamnati ta buɗe tata a Nasarawa ta Kano a 1909, a hannun Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa. Saboda haka almajiran Miller na farko su ne yaran da suke zaune a gidan Mishan, da marayu, da 'yan kaɗan waɗanda iyayensu suka amince da likitan domin sun ga amfanin maganinsa.

Babban canji ya zo wajen 1913. Akwai waɗansu mutane da ake kira Isawa, mabiyan wani malami mai suna Ibrahim, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Zuriyarsu ta warwatsu a wajen Ningi da gabashin Zazzau. Da suka ji labarin Miller, waɗansunsu suka zo wurinsa, suka karɓi bishara, suka kuma ba da 'ya'yansu domin karatu. Aka ba su wurin zama da noma a Gimi, ƙauyen masu bi ya kafu, yara suka ƙaru a makaranta.

Amma murnar ba ta daɗe ba. A kurmi da bakin rafin yankin akwai ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci. A lokacin ba a san maganin kirki na cutar ba. Cikin 'yan shekaru ta kashe mutanen Gimi da yawa, har ƙauyen ya watse, waɗanda suka ragu suka koma wajen Zariya. Wannan darasi ne mai zafi ga Mishan. Niyya mai kyau ba ta hana cuta shiga gida. Kafin a tara 'ya'yan mutane wuri ɗaya, dole a duba inda za su kwana, da ruwan da za su sha, da jejin da ya kewaye su. Ciwon barci ya ci gaba da ɓarna a ƙasar Zazzau, har a ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta soma babban aiki a Anchau na sare kurmi da tayar da ƙauyuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya.

A 1929 Mishan ta fita daga cikin ganuwar Zariya ta koma Wusasa, kusa da duwatsu a yammacin birnin. Miller bai so wannan ƙaura ba, sai shugabancin aikin ya koma hannun Rabaran Guy Bullen. Aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa bisa ga fasahar maginan Hausa, aka kafa asibitin St. Luke, makaranta kuma ta ɗauki sunan majami'ar. Abubuwa uku ke nan a wuri ɗaya, watau ɗakin sujada, da ɗakin karatu, da ɗakin magani. Yaron da zazzaɓi ya kama a aji, ba a yi tafiyar yini kafin a kai shi wurin mai magani. Malamai suna zaune a unguwa ɗaya da iyaye, sun san kowane yaro da gidansu. Wannan ne ya sa mutane daga nesa suka yarda su kawo 'ya'yansu, maza da mata.

In aka duba waɗanda suka fito daga wannan makaranta, za a ga irin jama'ar da ta tara. Akwai Hausawa da Fulani da zuriyar Isawa, akwai kuma 'ya'yan ma'aikatan bishara daga wasu ƙabilu. Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, ɗan wannan jama'a ne. Haka ma Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa a waɗannan shekaru, ɗan ƙabilar Ngas ne daga Filato, amma a Wusasa ya girma ya yi firamare, domin mahaifinsa mai aikin bishara ne a can. Makarantar ƙarama ce, amma da yake an kula da kowane yaro, ta yi 'ya'ya masu yawa.

Bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓi makarantun Mishan. Sa'an nan a watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta, wanda ake kira U.P.E. An yi tanadi domin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun zo. Abin farin ciki ne, gama 'ya'yan talakawa sun sami ƙofa. Amma azuzuwa da malamai ba su isa ba. Waɗansu yara suka zauna a gindin itace, malami ɗaya yana fama da taron da ba ya iya sanin sunayensu duka. A wurare da yawa rajista ta zama takardar da ake cikawa domin ofis kawai.

A wannan zamani hatsarin ya sāke kama. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok. A watan Disamba na 2020 aka kwashe yara fiye da 300 a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. A 2021 masu bindiga suka ɗauki ƙananan yara fiye da 100 daga wata makarantar Islamiyya a Tegina ta Jihar Neja, suka kuma kwashe ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel ta Baptis kusa da Kaduna. Masifar ba ta zaɓi addini ba. Duk inda ta faru, iyaye na kewaye sukan janye 'ya'yansu, musamman mata, azuzuwa su zama wofi.

Abin da ya faru a Kuriga, cikin Jihar Kaduna inda Wusasa take, ya isa a yi tunani a kai. Ran 7 ga Maris 2024 aka kai wa makarantar garin hari da safe, aka kora yaran firamare da na sakandare cikin jeji. Da farko aka ce 287 ne. Da aka sako su bayan makonni biyu da 'yan kwanaki, gwamnati ta ce 137 ne duka. Har kwanaki ana gardama a kan adadin yaran da ake nema. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta kāre makarantu a 2015, amma yarjejeniya ba ta ƙidaya yara da safe. Aikin malami ne, da hedimasta, da ƙungiyar iyaye.

Katanga da maigadi da jami'an tsaro suna da muhimmanci, hakkin gwamnati ne ta tanada su. Duk da haka akwai abin da ikilisiya da unguwa za su iya yi tun yau: rajista mai gaskiya da ake kira safe da lokacin tashi, sanin wanda yake rako ƙaramin yaro da wanda yake ɗaukansa, ruwa mai tsabta, share ciyawa a kewaye, da shirin inda yara za su fake in an ji ƙarar bindiga. A Linjila ta Luka, sura 15, makiyayin nan ya gane tunkiya ɗaya ta ɓata domin ya san adadin garkensa. Mutanen Gimi sun biya tsadar darasinsu da rayuka, mutanen Wusasa kuwa suka yi amfani da shi. Allah ya ba malaman yau irin wannan zuciya, ya kuma komo da kowane yaro gidan iyayensa lafiya. Amin.