Yadda Linux ke ɗora wa na'urori manhajarsu a lokacin tashin kwamfuta

Da yawa daga cikin na'urorin da ke cikin kwamfutar zamani, kamar katin Wi-Fi da na hoto da na Bluetooth, ƙananan kwamfutoci ne masu zaman kansu, kuma ba sa aiki sai da wata 'yar manhaja tasu da ake kira famwaya. A da, kamfanoni kan dasa wannan manhaja a jikin na'urar tun daga masana'anta. Yanzu kuwa, domin rage kuɗin ƙira da sauƙaƙa gyara, da yawansu sun bar wa babbar manhajar kwamfuta nauyin zuba ta a duk lokacin da aka kunna. Da zarar wuta ta ɗauke, na'urar ta mance da ita.

A tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a shekarar 1991, wannan aiki yana wuyan kanel, wato zuciyar manhajar da ke shiga tsakanin na'urori da sauran manhajoji. Idan aka danna maɓallin kunnawa, BIOS ko UEFI ne ke fara farkawa, ya miƙa ragama ga manhajar tayarwa irin su GRUB, ita kuma ta kwashe kanel zuwa ma'ajiyar wucin gadi ta RAM. Daga nan kanel ya shiga lalubo na'urorin da ke haɗe, yana haɗa kowace da direbanta. Direban da ke buƙatar famwaya sai ya nemi fayil ɗin da sunansa, kanel ya duba jakar /lib/firmware, ya miƙa masa, shi kuma ya zuba wa na'urar.

Matsalar ita ce wannan jaka tana kan faifan kwamfutar, alhali a daƙiƙun farko kanel bai buɗe faifan ba tukuna. Wani lokacin ma na'urar da ke jiran famwaya ita ce hanyar kaiwa ga faifan, kamar katin sadarwa a kwamfutar da ke tashi daga wata uwar garke. Mabuɗi ke nan a cikin ɗakin da aka kulle.

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne initramfs, wani ƙaramin ƙunshin fayiloli da manhajar tayarwa ke ɗorawa a RAM tare da kanel. A cikinsa ake cusa direbobi da famwayar da ba za a iya jira ba, kamar ta katunan hoto na AMD. Masu ƙera ƙananan na'urori kuma sukan ɗinke famwayar a cikin kanel ɗin kansa tun lokacin haɗa shi, sai dai duk canjin da za a yi mata yana nufin sake haɗa kanel.

Wanda ya fi kowa gaggawa shi ne furosesa. Intel da AMD suna fitar da gyare-gyaren maikurokod, wato umarnin da ke can cikin furosesa, kuma ana so su shiga kafin komai ya kankama. Saboda haka ake liƙa su a goshin initramfs ba tare da an matse su ba, domin kanel ya karanta su tun bai kai ga warware sauran ƙunshin ba. Muhimmancin hakan ya fito fili a watan Janairun 2018, lokacin da aka bayyana raunin tsaro na Spectre, wanda toshe wani ɓangarensa ya buƙaci sabon maikurokod.

Kafin fitowar Linux 3.7 a shekarar 2012, wata manhaja mai suna udev ce ke ɗauko wa kanel fayilolin. Tun daga lokacin yake karanta su da kansa. Yana kuma ajiye kwafi a RAM domin sa'ar da kwamfuta ta farka daga barci faifai bai shirya ba.

Galibin waɗannan fayiloli a rufe suke, kamfanoni ba sa bayyana abin da ke cikinsu, abin da ya daɗe yana jawo muhawara tsakanin masu rajin manhaja mai 'yanci. Debian ta shafe shekaru tana ware su daga faifan girkawarta na hukuma, har sai da mambobinta suka kaɗa ƙuri'a a 2022, aka fara haɗa su a Debian 12 ta shekarar 2023.

Ga wanda ya girka Linux ya tarar Wi-Fi ba ya aiki, umarnin dmesg yana nuna saƙonnin kanel. Idan an ga sunan wani fayil na famwaya tare da lambar kuskure -2, ma'anarta ba a sami fayil ɗin ba, kuma girka ƙunshin famwayar da ya dace yakan wadatar.