Tal National: Tarihin Ƙungiyar Makaɗan Yamai, 2000 zuwa 2018

Tal National ƙungiyar makaɗan jitar lantarki ce ta birnin Yamai, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a shekarar 2000. Ta samo sunanta daga hamadar Tal da ke kusa da N'Guigmi a jihar Diffa. A cikinta akwai Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kuma da harsunan nan take waƙa. Kayan kiɗanta su ne jita, da jitar bas mai kaurin murya, da jerin gangunan bature, da kalangu. Jaridun Turai da Amurka sun sa ta a layin masu kiɗan rok saboda zafin jitarta, amma duk wanda ya taɓa zama a gidan biki a ƙasar Hausa zai gane inda karin ya fito da zarar kalangun ya shigo. Saɓanin da ke cikin tarihinta na lissafi ne. Masu rubutu daga waje sukan fara ƙirga ta daga 2013, shekarar da faifanta Kaani ya fita a Ingila, har wasu su ɗauke shi a matsayin na farko. Alhali shi ne na uku, kuma ƙungiyar tana da shekara goma sha uku a lokacin. Wannan maƙala ta tsaya ne a kan cewa Tal National ta yi tashenta a gida kafin waje ya ji labarinta, kuma jadawalin cinikin waƙoƙi ba mudun da ya dace a auna ta da shi ba ne.

Abin da ya gabace ta sananne ne. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, kiɗa a Nijar ya fi rayuwa a ƙarƙashin ƙungiyoyin samariya da bukukuwan gwamnati. A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani mai sunan Dan Gourmou, daga baya aka buɗe cibiyar horar da makaɗa ta El Hadj Taya a Yamai, sannan a 1995 Yacouba Moumouni ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey. A wannan gona Tal National ta tsiro.

Abin da ya raba ta da saura shi ne tsarin aikinta, kuma a nan ne hujjar farko take. Almeida ba da kiɗa kaɗai yake ci ba. Ya yi ƙwallon ƙafa, ya yi aikin shari'a a kotu, ya kuma yi aiki da gidan marayu na SOS a Yamai, kuma ƙungiyar ya tafiyar da ita kamar ma'aikata. A shekarun da take ganiyarta takan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kamar awa biyar ba tsayawa. Makaɗan sun kai goma sha uku, amma kusan shida ne ke kan dandali a lokaci guda. Idan hannun mai ganga ya mutu sai wani ya karɓi sandunan ba tare da kari ya yanke ba, idan muryar mawaƙi ta dushe sai na gefe ya ɗauka. Wani lokaci ma sukan rabu gida biyu don su cika alkawari a wuri biyu a dare ɗaya. Ƙungiyar da ba a nema ba ta buƙatar wannan dabara. Ba wanda zai ɗauki nauyin mutum goma sha uku don kiɗan da shida za su iya, sai idan gayyata ta fi ƙarfin shidan. Yawan makaɗan da kansa shaidar kasuwa ce, kuma shaida ce mai wuyar ƙirƙira, domin ciki ba ya karɓar labari.

Faifan farko, Apokte, ya fito a 2006. Na biyu, A-Na Waya, shi ne wanda majiyoyi suka saɓa a kan shekararsa: wasu sun rubuta 2008, wasu 2009. Ɗaukar sautin dai a 2008 aka yi ta, kuma wannan shekarar ce ta fi cancanta a riƙe, domin a kasuwar da babu kamfanin rarraba faifai babu wata rana guda da za a ce ita ce ranar fitowa. Labarin ɗaukar ya fi shekarar muhimmanci. A lokacin Yamai ba ta da sutudiyon da zai iya ɗaukar cikakkiyar ƙungiya yadda Almeida yake so. Da ya yi lissafi sai ya ga kwasar mutanensa zuwa Najeriya ko Ghana ya fi tsada a kan ɗauko mutum ɗaya da na'urorinsa a jaka. Haka aka yi injiniyan sauti Jamie Carter ya taso daga Shikago zuwa Yamai. A lura da wanda ya kira wani. Ba Bature ne ya zo yawon neman kiɗa ya yi tuntuɓe da su ba, su ne suka ɗauko ma'aikaci saboda kasuwarsu ta gida. Faifan ya karɓu a Nijar, gidan talabijin na ƙasa ya riƙa nuna hotunan waƙoƙinsa, makaɗan kuma da kansu suke tsayawa a shataletalen Yamai suna sayar wa masu mota da masu babur, hannu da hannu. A 2011 Carter ya dawo aka ɗauki Kaani. Kenan faifan da duniya ta ji a 2013 ya riga ya shekara biyu da kammaluwa, kuma kiɗan da ke cikinsa na mutanen da suka shekara goma suna kwana a kan dandali ne.

A watan Satumba na 2013 kamfanin FatCat Records na garin Brighton ya fitar da Kaani, masu sharhin kiɗa suka yaba, ƙungiyar ta fara zuwa Amurka da Turai. Shekarar ta zo wa kiɗan Nijar da sa'a. A cikinta ne kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kiɗan ogan na lantarki da Mamman Sani ya ɗauka tun 1978, a cikinta ne kuma faifan Bombino ɗan Agadas, mai suna Nomad, wanda Dan Auerbach ya tsara, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin kiɗan duniya na mujallar Billboard. Daga nan suka ta farko take tasowa. Mai suka zai ce ga ɗan Nijar da ya hau jadawali, har faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy, don haka idan Tal National ba ta yi irin wannan ba, to ba ta kai ba ke nan. Amsar ita ce jadawalin Billboard cinikin Amurka yake ƙirgawa. Matsayin Nomad gaskiya ne, kuma ya cancanta, amma labarin da yake bayarwa na masu saye ne a can, tare da ƙarfin kamfanin Nonesuch da sunan wanda ya tsara faifan. Bai ce komai ba a kan wanda ake kira bikin aure a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Faifan da aka miƙa ta tagar mota a shataletale ba ya shiga kowane littafi.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Idan babu jadawali a gida, da me za a tabbatar da farin jinin? Ko dai kirarin masu talla ne kawai? Gaskiya ne kamfanin da ke sayar da faifai ba zai rage wa kayansa daraja ba, kuma duk inda aka ga an kira ƙungiya wadda ta fi kowace a ƙasarta ya kamata a sassauta. Amma rashin alƙaluma ba rashin shaida ba ne. Duk wanda ya zauna a Jalingo ya san yadda waƙa take yawo a can: a kai waya rumfar masu tura waƙoƙi, a biya 'yan kuɗi, a cika katin, gobe a tura wa aboki, jibi a ji ta a lasifikar ɗan Keke Napep. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma kowa a unguwa ya san waƙar da ke tashe. Ta wannan hanya ce Anar, faifan da Mdou Moctar ya ɗauka a Sakkwato a 2008, ya ratsa Sahara daga waya zuwa waya kafin wani kamfani ya san sunan mai shi. Mamman Shata ya rasu a 1999 ba tare da wani jadawali ya taɓa auna shi ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi gardamar girmansa saboda haka ba. Najeriya kanta, da duk girman kasuwarta, sai a 2020 TurnTable ta fara fitar da jadawalin mako-mako, shi ma abin da aka saurara a intanet da rediyo da talabijin yake tarawa. Mudun makaɗin Sahel shi ne gayyata da liƙi da cikar fili, kuma da wannan mudu ne dare biyar a mako yake zama hujja.

Ba za a ce fita waje ba ta ƙara komai ba. Ta ba ƙungiyar masu sauraron da ba ta da su, ta kuma sa an adana kiɗanta a inda kaset da faifan shataletale ba sa daɗewa. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sai Tantabara a watan Fabrairu na 2018, wanda mawaƙiyar Yamai Zara Moussa da makaɗin jita Yonatan Gat suka sa hannu a ciki. Kiɗan ya ƙara zafi da sauri a waɗannan biyun, amma ginshiƙinsa bai motsa ba: kalangu da ganga suna jan gaba, jita tana bin su. Faifai biyar ke nan cikin shekara goma sha biyu, biyu na gida, uku na FatCat. Duk lissafin da ya fara daga Kaani ya zubar da biyu daga ciki, ya kuma zubar da shekara goma sha uku.