Tarihin Hoton Kayan Tebur a Ƙasar Holan: Daga Fenti Zuwa Kyamara

Kwanakin baya ina duba wani littafin hotuna a laburare, sai na ci karo da hoton furanni a cikin tulun gilashi, bayansu baƙi wuluk. Na ɗauka zanen fenti ne na shekaru ɗari uku da suka wuce. Ashe da kyamara aka yi shi, mai shi kuwa, Bas Meeuws, mutumin Holan ne da aka haifa a 1974. Wannan ne ya sa na shiga bincike, domin in san abin da zai sa mai kyamara ya koma kwaikwayon kakanninsa.

Irin wannan hoto mutanen Holan suna ce masa stilleven, watau hoton kayan da ba su motsi, kamar furanni da abinci da kwanuka. Addini da kasuwa ne suka raine shi. A 1566 masu bin tafarkin Furotesta suka farfasa gumaka da zane-zanen da ke cikin majami'u, kuma da tafarkinsu ya kafu a arewacin ƙasar, majami'a ta daina sayen zane. Dole masu zane suka juya ga attajiran birni. Su kuwa attajiran a lokacin kakarsu ta yanke saƙa, domin a 1602 aka kafa kamfaninsu na cinikin Gabas, jiragensa suna kwaso kayan yaji da tangaran.

Saboda haka sai teburin attajiri ya zama abin zanawa. A birnin Haarlem, Pieter Claesz da Willem Heda sukan zana burodi da kifi da lemun da aka fere rabi, da masoro a naɗe cikin takarda. A Amsterdam kuwa, Willem Kalf ya shahara da tangaran na Sin da dardumar Gabas. Amma sau da yawa akan sa ƙoƙon kan mutum ko agogo ko kyandir da ya mutu, domin a tuna wa mai dukiya cewa duniya budurwar wawa ce. Lalle wanda ya saba da waƙoƙinmu na wa'azi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kuma wa'azin ya tabbata a Fabrairun 1637, lokacin da farashin furen tulif ya faɗi warwas bayan ya yi tashin gwauron zabo.

Wani abin lura shi ne, masu zanen furanni irin su Rachel Ruysch, wadda ta rasu a 1750, sukan haɗa furannin da ba su fitowa lokaci guda. Watau tulun da muke gani bai taɓa zama a kan teburin kowa ba. Wannan dabarar ce Meeuws ya gada: yakan ɗauki kowane fure shi kaɗai, sa'an nan ya harhaɗa su a kwamfuta. Margriet Smulders takan shimfiɗa furanni a kan madubi, ta haɗa da ruwa da gilashi. Richard Kuiper kuwa ya sake shirya teburin kakanninsa da kayan roba zalla, ya nuna cewa mu yau abin da muke tarawa ko ruɓewa ba ya yi. Ke nan wa'azin na nan, salonsa ne ya sauya.

To, amma akwai abin da tebur bai nuna ba, kuma shi ne ya fi damuna. A shekarar da tulif ya faɗi, watau 1637, kamfanin Holan na cinikin Yamma ya ƙwace gidan Elmina daga hannun Fotugal, a ƙasar da yau ake kira Gana. Daga nan aka riƙa jigilar bayi zuwa gonakin rake na Burazil da sauran wurare, kuma Holan ba ta bar Elmina ba sai 1872. Wani ɓangare na arzikin biranen da suka sayi zane-zanen nan daga gumin mutanen Afirka ya fito. Mutanen ƙasar da kansu sun fara fuskantar wannan gaskiya. A 2019 gidan tarihi na birnin Amsterdam ya daina kiran wancan ƙarni Zamanin Zinariya, kuma a 1 ga Yulin 2023 Sarki Willem-Alexander ya nemi gafara a kan bauta.

A nawa ganin, mai ɗaukar irin wannan hoto a yau ya gaji kyawun, ya gaji wa'azin, ya kuma gaji bashin, ko ya so ko ya ƙi. Mu kuma ɗalibai, in mun ga tebur cike a hoto, kada mu tsaya ga yaba haske da launi. Mu tambaya: daga ina kayan nan suka zo, wa ya noma, wa ya ci? Allah ya ƙara mana basira, amin.