3.2 Buga Kuɗi a Matsayin Ma'aunin Ikon Sarki a Ƙasar Farankawa

A wannan sashe za a duba dangantakar buga kuɗi da ikon sarki a ƙasar Farankawa, wato yankin da a yau ya ƙunshi Faransa da Beljiyam da yammacin Jamus. Sarki Theudebert na Ɗaya, wanda ya rasu a 548, ya sa sunansa a kan sulallan zinariya, abin da a lokacin ake ɗauka haƙƙin Sarkin Rum ne shi kaɗai. Sai dai a ƙarni na 7 sunan sarki ya kusa ɓacewa daga kan kuɗi. Abin da aka fi gani shi ne sunan maƙerin da ya buga da na garinsa, kuma an gano sunayen irin waɗannan wurare kusan 800.

Wannan hali ne Pepin ya tarar da ya hau mulki a 751. Ya mayar da sunan sarki kan kuɗin azurfa, wanda ya riga ya maye gurbin zinariya. Ɗansa Sharlaman kuwa, tsakanin 793 da 794, ya ƙara nauyin kowane sulalla daga kimanin giram 1.3 zuwa 1.7, sannan taron Farankfut na 794 ya yanke hukunci a kan duk wanda ya ƙi karɓar sabon kuɗin. Lissafinsu na 12 a cikin ɗaya, 20 a cikin fam, shi ne ya bi ta Ingila ya iso Nijeriya a matsayin kwabo da sule da fam, har zuwa 1973.

To amma doka daban, aiki da ita daban. A 864 jikan Sharlaman, Sharl mai Sanƙo, ya kafa dokar Pîtres, inda ya ambaci wurare 10 kacal da za a buga kuɗi, cikinsu har da fada da Faris da Melle mai ma'adinan azurfa, ya kuma ce a yanke hannun mai buga jabu. Duk da haka, sulallan da aka tono sun fito daga wurare fiye da 100. A ganin mai wannan bincike, ƙarfin Sharl yana ga tilasta tambari iri ɗaya a ko'ina, ba ga taƙaita maƙeru ba. Daga ƙarni na 10 hakimai da limaman coci suka karɓe maƙerun. A Melle an ci gaba da buga sunan Sharl shekaru masu yawa bayan rasuwarsa, ribar kuwa tana shiga aljihun hakiman Poitou.