Asake Takwas A Ƙirjin Mai Natsuwa

Wani mai sauraronmu daga Dogon Daji a ƙaramar hukumar Tambuwal ya aiko da takarda, yana cewa ya gaji wata tsohuwar babbar riga daga kakansa, yana so ya san me ya sa ake kiran aikin da ke gabanta aska takwas, alhali riga ce ta dattako.

To malam, shimfiɗa rigar ka duba da kyau. Daga bakin aljihu da kafaɗar hagu za ka ga dogayen zane masu tsini sun zubo ƙasa, su ne asaken. Gefe guda kuma ga wani zagayayyen aiki da ake kira tambari. Masu bincike da dama na ganin asalin asaken kariya ce daga kambun baka da sharrin maƙiya. Wato mai riga na zaune tsaf, rigarsa kuwa a shirye take da faɗa.

Akwai wani faɗan da ya fi wannan zurfi. Da aka fara jihadi a 1804, cikin abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Hausa da shi har da alfahari da tufafi. Ba a je ko'ina ba sai ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya ga jama'arsu ma sun fara karkata ga riguna da dawakai. A 1807 ya bar runduna ya nufi Makka, sai mutanen Kano suka tsare shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam. Ya kuma bayyana wannan ɓacin rai cikin Tazyinul Waraƙat.

Duk da haka a ƙarƙashin Daular Sakkwato ne wannan aiki ya bunƙasa, musamman a Kano da Zariya da Bida, har riga ta zama kyautar da sarki kan yi wa wanda ya naɗa. Shari'a ta hana namiji sa alharini sai ɗan kaɗan, kamar faɗin yatsu huɗu, ga shi kuwa da zaren tsamiya, wani sa'in da alharinin da fatake ke kawowa daga Tarabulus, ake yin aikin. Sannan audugar da babar rini, akwai waɗanda bayi ne suka nome su a rinji. Baturen nan Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya shaida cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin.

Saboda haka malam, kada ka sayar da rigar nan da araha. Ka naɗe ta da takarda, ka nisanta ta da danshi da gara, in jikoki sun tambaya ka ba su labarin duka, da daɗinsa da ɗacinsa.